Sarauniya Mai Wushirya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina karyawa aka buga min waya, wai Ɗanlami mai sassaƙa ya rasu.

Ban yi boko ba, 'yata ke rubutawa. Na ce kar ta gyara min ko kalma.

Tare muka koyi sassaƙa a unguwar Katako. Muna samari wani Baturen kuza ya kawo hoton sarauniyarsu, an sassaƙa a hauren giwa, bai kai goro girma ba. Ya ce kowa ya yi masa irinsa a ƙwallon goruba.

Nawa ya fito sak. Hanci, sarƙa, komai.

Shi kuwa Ɗanlami sai ya buɗe mata baki ya yi mata wushirya. Na ce ka haukace? Ya ce, "Haba Audu, mace har sarauniya a bar ta ba wushirya?"

Nasa Baturen ya ɗauka. Nawa na nan a kwanon samira.

Har gobe ina cewa na fi shi hannu, shi ya fi ni sa'a. Na faɗa a gabansa, ba zan canza don ya mutu ba.

Amma da idona ya fara hazo, shi ke zuwa gidana a Rikkos ya wasa min wuƙaƙe, ya tafi ko shayi bai sha ba.

Ganinmu na ƙarshe a asibiti ne. Ya miƙo min waya. Jikarsa da ke karatu a Turai ta ga sarauniyar a gidan tarihi, cikin gilas, da fitila a kanta, ta turo masa hoto. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba.

Sai ya ce, "Sun rubuta ba a san wanda ya yi ba. Ka ga, ni da kai duk ɗaya."

Ba ɗaya ba ne.

Wanda ya ga an yi aikin nan, ni kaɗai na rage. In na yi shiru shi ke nan. To ku ji: Ɗanlami na Katako ne ya yi ta, da tsinken laima da ya wasa. Wanda ya iya Turanci ya rubuta musu.

Allah ya jiƙanka, Ɗanlami, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, ya kuma ambaci sunansa.