Dauɗar da ke Tasowa Sama

Da ruwan dam ya ci gonarmu a Maradun, maigidana ya samu aiki inda ake tace ruwan wankin manyan motoci. Iska suke hurawa cikin tanki, kumfa ya ɗauko dauɗa da baƙin mai sama, a kwashe. Mu ko tun kakanni, dauɗa gindin randa take kwanciya. Ba wanda ya yi mai bayani. Ya buɗe ƙasan tankin ya zubar da ruwan kirki, ya bar ƙazantar. Ranar sunka sallame shi.

Na ce, "Malam, ba wautarka ba ce."

Ya ce, "To ta wa?"

Ƙwadago ya koma yi gonakin mutane, har Allah ya karɓi abinsa.