Shekarar da Hangum Ya Kama Malamar Aji Ɗaya

Shekara talatin ta yi tana koyar da aji ɗaya, amma iyaye ba su san ta da wani suna ba sai Malama Taɓa-Goshi. Kullum da safe a bakin ƙofa take tsayawa. Duk yaron da zai shiga sai ta ɗora masa bayan hannu a goshi, ta leƙa idonsa. Takan ce yaro na iya ɓoye ɓarna, amma ba ya iya ɓoye zazzaɓi.

Shekarar da hangum ya shigo makarantar, ita ta fara ganewa. Ɗan wata tela ne ya zo da kumatu a kumbure, ko tauna ba ya iyawa. Ta zaunar da shi a baranda, ta aika aka kira uwar.

Telar ta iso da guntayen zare a jikin riga, rai a ɓace. "Haba Malama, ɗan wannan kumburin? Ɗinki ya yi min yawa, wa zai duba min shi?"

"Yi haƙuri, ƙanwata," in ji Malama. "In ya zauna, aji duka zai ɗauka. Ki kai shi asibiti, karatunsa ki bar min."

Ta ɗauke kofin da yara ke shan ruwa da shi tare, ta ce kowa ya zo da nasa. Ta buɗe tagogi, ta rarraba benci. Duk da haka sai da yara tara suka kwanta. In an tashi daga makaranta, sai ta bi gidajensu da allo da alli, ta tsaya ta taga tana biya musu baƙaƙe.

Ashe ita ma ba ta taɓa yin hangum tana ƙarama ba. Wata safiya ta tashi da fuska kamar an hura balan-balan. Mijinta ya yi dariya har da hawaye kafin ya tuna ya ce mata sannu.

Mako biyu ta yi a ɗaki. Telar nan ce ta riƙa zuwa duba ta, kuma ran nan ta kawo mata takardu talatin da huɗu: yaran ajin ne suka zana Malama, kowa ya ƙara mata kumatu gwargwadon ƙarfinsa.

Yanzu ta yi ritaya, takardun sun yi ja a ƙasan akwati. In jikoki sun zo, takan fito da su, ta faɗi wanda ya yi kowane zane da bencin da yake zama.