Saiwar da Yaya ya aiko wa Inna

A ƙauyenmu, kusa da Barmu, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna tana marmarinsa. Inna ta riƙe wannan kunya fiye da kowa. Yayana ne ɗan farinta, kuma tun ina yarinya ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa.

Ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, a Abijan kamar sauran mazan Adar, sai dai su damina na mayar da su gida, shi kuwa ya yi zamansa. Shekaru suka tura, Inna ta rame, barci ya ƙaurace mata. Ni ina aure a Tawa, nakan hau mota in je in duba ta, in tarar da ita a zaure tana kallon hanya, wai iska take sha.

Na kira shi na gaya masa ƙarara: tsohuwar nan ganinka take so. Ya yi dariya ya ce in tana son shi taho, ta faɗa da bakinta. Ya san sarai ba za ta iya ba. Nan ya samu mafaka, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Maimakon ƙafarsa sai ga saƙo a hannun wani ɗan garinmu da ya dawo: gwangwani cike da garin wata saiwa, wai ashwaganda, daga Indiya. Yaya ya ce tana kwantar da hankali, tana kawo barci, tana ƙara wa tsoho ƙarfi. Warinta kamar zufar doki, ga ɗaci. Na nuna wa wata ma'aikaciyar asibiti maƙwabciyata, ta ce wasu kan ji daɗinta wajen barci, amma a yi kaɗan-kaɗan, kuma ba ta maye gurbin ganin likita. Inna ta riƙa zuba cokali guda a kunu tana sha ba ta ko yamutsa fuska, don daga hannunsa ya fito. Gwangwani na ƙarewa wani na zuwa. A nan kam bai taɓa makara ba.

Wata ranar kasuwa na je na same ta kwance, ƙannenta mata biyu na zaune gefenta. Ta ce in miƙo salula.

"Taɓa wurin da aka yin vokal," in ji ta.

Na danna wurin aika masa saƙon murya. Ta kira sunansa, cikakke, a gaban ƙannenta. Ɗayarsu ta rufe baki da gyale, ɗayar ta sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Ni ce uwarka. Ina son ka taho gida in gane ka da idona. Na gaji." Tana gamawa ta juya fuska bango. Ni na san abin da ta zubar a wurin, mutuncin da ta tsare tun tana amarya.

Amsa ba ta zo ba sai da na sake komowa ƙauyen. Ina zaune kusa da ita wayar ta yi ƙara, ta ce in buɗe ta ji. Ni ya yi wa magana, ko gaishe ta bai yi ba.

"Ke, mi ya samu Inna? Yaushe ta hwara kiran sunana? Tsuhwa ne, kanta ya hwara ruɗewa. Ku ƙara mata maganin nan, cokali biyu sahe da marece."

Na so in jefa wayar a murhu. Na ji na tsane shi, ɗan uwana ciki ɗaya, kuma ban ji kunyar haka ba.

Inna ta dubi gwangwanin. Sannan ta ce in ɗauko kunu. Na ce ma'aikaciyar asibiti ta ce kada a yawaita.

"Zuba biyu," ta ce. "Wancan ya ce biyu."