Ranar da Baba ya ce a buɗe ƙofar ruwa

Kwana uku muna jidar ƙasa a kwando, muna toshe tsagar da ta fito jikin madatsar ruwan garinmu, gabas da Tawa. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba lokacin.

Mai gadin madatsar ya iske mahaifina, jikinsa duk laka.

"Baba, in ban buɗe ƙofa ba, madatsar za ta fashe bisa gari. In na buɗe, dawarka ta tafi."

Baba ya zauna ƙasa, ya dubi gonarmu da ke kan hanyar da ruwan zai bi.

"Buɗe, ɗana. Mutane sun gaji. Allah shi maida."

Gari ya tsira. Mu kuwa dusa muka ci shekarar nan, kuma ba wanda ya sake tada zancen.

Ku a garinku, wa ya yi irin wannan aka manta da shi?