Ƙarfen Tagar Gwaggo

Gwaggona mai wanki ce, kuma a duniya fim ɗaya ta yarda da shi. Na Indiya ne, labarin 'yan mata biyu masu aiki a masaƙa, ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya. Babu jarumi mai dukan mutum goma, soyayyar ma a gefe take. Da mai masaƙa ya kori ɗaya, sai ɗayar ta kwance ɗamararta ta ajiye masa a kan tebur, ta bi ƙawarta cikin ruwan sama. Daga nan sarewa ke shigowa a hankali, sai 'yar ganga, sai waƙar da wannan ke jan baiti waccan ta amsa. Na kalle shi da girmana, ina neman abin kushewa, ban samu ba. Waƙar nan ko dutse ne a ƙirjinka sai ta motsa shi.

Gwaggo ta fara kallonsa ne tare da aminiyarta, wadda kowa ke kira Mai Wushirya. Su biyun ke wankin zannuwan gado a bayan wani otal. Zanin gado jiƙaƙƙe mutum ɗaya ba ya matse shi. Sai wannan ta kama baki, waccan ta kama ɗaya bakin, kowa ta murɗa nata gefen har ruwan ya tsiyaye. Da waƙar fim ɗin suke yi. Gwaggo ta ja baiti ta murɗa, Mai Wushirya ta amsa ta murɗa. Ba su jin Indiyanci ko na sayen ruwa, amma masu shara har tsayawa suke yi da tsintsiya a hannu.

Ana nan sai otal ya sayi injin wanki, wanda ke wankewa ya matse da kansa. Mutum ɗaya ya ishe shi. Manaja ya kira Gwaggo ofis tukuna, don ita ta fi daɗewa, ya ce ita ya zaɓa.

"Ranka ya daɗe, ƙawata fa?"

"Inji ɗaya ne, ma'aikaciya ɗaya."

Gwaggo ta kwance ɗamararta ta ajiye masa a kan tebur. Ba ta shawarci kowa ba, ko ita ƙawar. A ganinta babu abin shawara, ai tare suka kalli fim ɗin, tare suka yi kuka a daidai wurin nan. Ta fito ta zauna a bakin ƙofar otal tana jiran su tafi gida tare. Aka kira Mai Wushirya ciki. Gwaggo ta jira har inuwa ta juya. Abin da ta ji daga baya shi ne ƙarar inji ta tashi.

Ni dai ban yafe ba, ko da yake ba ni aka yi wa ba. An ce Mai Wushirya tana da yara da miji marar lafiya. To Gwaggo fa, duwatsu take ciyarwa? Da ma ta fito ta ce, "Ƙawa, yi haƙuri, ciki ne." Ko leƙowa ba ta yi ba, ta ƙofar baya ta riƙa fita.

Gwaggo ta koma wankin unguwa a tsakar gida. Da zanin gado ya zo, sai ta ɗaura baki ɗaya a ƙarfen tagar ɗakinta, ta ja da baya tana murɗawa. Waƙar ba ta bari ba. Takan ja nata baitin, ta yi shiru daidai tsawon amsa, sannan ta ci gaba. Na taɓa cewa zan amsa mata, ta harare ni.

"Wa ya aike ki? Ba naki ba ne."

Na ce fim ɗin ne ya cuce ta. Ta ce in kama bakina, fim bai yi ƙarya ba, ita ce ta ɗauka kowa abin da ta gani ya gani.

Sabulu ya cinye mata yatsu, bayanta ya ranƙwafa. Bara, ina gidan, sai ga Mai Wushirya ta yi sallama, ashe ta bar aikin otal, ta yi jiki, hannuwanta sumul. Gwaggo ta amsa gaisuwa tsaf, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa na kawo ruwa da kujera. Sannan ta koma kan zanin da take matsewa, ta ja baitinta kamar kullum.

A wurin shirun nan, Mai Wushirya ta amsa. Muryar ta tsufa, amma ko gargada babu. Mai Wushirya ta miƙe idonta jawur, ta kai hannu za ta kwance bakin zanin daga taga.

"Ƙawa, kawo in kama miki."

Gwaggo ba ta daina murɗawa ba.

"Bar shi a nan," ta ce. "Ƙarfen nan bai iya waƙa ba, amma bai taɓa sakina ba."