Zaɓin da Malam Yohanna ya bar mini

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Malam Yohanna, kuma har yau takardarsa tana cikin akwatina, tare da takardar ritayata. Falle ɗaya ce da aka yago daga littafin rubutun ɗalibai. Duk wanda ya karanta ta zai ce shirmen malamai ne, ni kuma ba zan yi musu da shi ba.

Mun koyar tare a wata makarantar kwana da ke ƙasar Gwarzo. Ni ɗan Durun ne ta ƙasar Kabo, ina koyar da lissafi. Shi mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, malamin motsa jiki, dogo, ga son dariya. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, alli ma sai an karya shi biyu, amma ya dage sai an yi ƙwallon kwando a makarantar. Mai walda ya lanƙwasa masa rodi ya zama zobe, aka kafa a jikin katako. Ƙwallonmu guda ɗaya kuwa ta sha faci a wajen mai facin taya har ba a gane asalin launinta.

Iliminsa na wasan daga tsofaffin mujallun Amurka yake samo shi, waɗanda yake tsinta wajen 'yan gwanjo a Kano. Labari kan shekara kafin ya iso hannunsa, shi kuwa ya shigo mana da shi ɗakin malamai kamar yanzu ya faru. A can, in ji shi, duk shekara manyan ƙungiyoyi kan zaɓi sabbin 'yan wasa bi da bi, kuma waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓa, bayan an yi ƙuri'a tsakaninsu, don mai rauni ya samu ya farfaɗo. Ƙungiya tana iya ba da damar zaɓenta ta baɗi, ta karɓi ɗan wasa yau. To amma ba wanda ya san yadda baɗi za ta kasance. In ƙungiyar ta faɗi ƙasa warwas, damar da ta bayar ita ce za ta zo farkon layi, ta yi asarar abin da ta fi buƙata. Shi ya sa ake sa wa damar kariya. A rubuta cewa in ta faɗo cikin biyar na farko, mai ita ya riƙe abinsa, alkawarin ya koma wata shekara. A wannan shekarar sai kariyar ta ragu, haka dai har a kai shekarar da babu sauran sharaɗi, ko ta nawa ce a layi sai an miƙa.

Na saurare shi har ya gama, sannan na ce, "Malam Yohanna, mu dai a Durun in mutum ya ce ya ba ka, to ya ba ka." Aka yi ta dariya, na ji daɗin kaina sosai ranar.

Bai tsaya a labari ba. Ya raba ɗalibai ƙungiya huɗu, kowace da malaminta, tawa Kore, tasa Ja. In sabbin ɗalibai sun zo a jera su a fili, wanda ya zo na ƙarshe a gasar bara shi zai fara zaɓa. Wata shekara ya rasa dogon ɗan wasa, ni kuwa ina da biyu, sai na ba shi ɗaya a kan zaɓinsa na baɗi. Nan ya yago takardar. Shekarar farko, in Ja ce ta ɗaya ko ta biyu a layi, zaɓin nasa ne. Shekara ta biyu, sai in ita ce ta ɗaya. Ta uku babu sharaɗi. Muka sa hannu, malamin Arabiyya ya zama shaida yana girgiza kai.

Shekarar farko Ja ta zo ta ƙarshe, ya riƙe abinsa. Na zarge shi da faɗuwa da gangan, don a wasan ƙarshe ya ajiye dogon nan da na ba shi, wai ƙafa ta kumbura. Na yi kwana biyu ina amsa gaisuwarsa da ka. Yanzu 'yata ta saya mini waya, nakan ga labarin wasan a ranar da ya faru, kuma ga shi can ma manyan ƙungiyoyi ana zarginsu da abin da na zarge shi da shi. Sharuɗɗan sun yi rassa, wani zaɓin in ya daɗe bai faɗo ba sai ya rikiɗa ya zama zaɓi biyu a zagaye na biyu, bayan kowace ƙungiya ta ɗauki ɗan wasanta na farko. Da yana nan da bai bar mu mun sha ruwa ba a ɗakin malamai. Da ya ce, "Ka gani ko? Ba ni na fara ba."

Sai lokacin ƙaddamar da Shari'a ya zo, labarin zubar da jini ya riƙa isowa daga Kaduna. A wajenmu babu abin da ya faru, wannan gaskiya ce kuma dole in faɗe ta. Amma tsoro ya shiga, malamai Kiristoci suka fara tura iyalansu gida. Wata rana bayan la'asar ya zo gidana. Muka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da mutanen Durun, maiɗakina ta aiko da fura. Sannan ya ce, "Malam Garba, Maman Ladi ta ce mu tafi. Ni kuma shekarata goma sha huɗu a nan, ban san wani wuri ba. In na zauna wani abu ya taso, ina zan kai su?"

Ba shawara ya zo nema ba, na san haka tun a lokacin. Magana ɗaya yake so ya koma wa matarsa da ita. Ni kuwa na tuna surutun mutane, na tuna yayyena. Na ce, "In dai abin bai yi tsanani ba, kuma in 'yan'uwana ba su ga wani abu a ciki ba, ai gidana gidanka ne."

Ya ɗan juya ludayi a cikin furar, ya yi murmushi, ya ce, "Ashe a Durun ma ana sa sharaɗi." Muka yi dariya mu biyu. Sati bai zagayo ba mota ta kwashi kayansu.

Shekara ta biyu Ja ta sake zuwa ta ƙarshe, don babu mai kula da ita kamarsa. Zaɓin bai faɗo mini ba, na kuma yi murna, don muddin takardar tana da rai ina da dalilin rubuta masa wasiƙa. Bai samu aikin koyarwa a can garinsu ba, noman citta ya koma. Wasiƙunmu duk tsokana ce. Sau da yawa na ɗauki biro da niyyar in rubuta masa cewa ya dawo, ɗakin zaurena nasa ne ko me zai faru, sai in ƙare da tambayar farashin citta.

Ana saura makonni sabbin ɗalibai su zo a shekara ta uku, wasiƙa ta iso da rubutun Maman Ladi. Gajeriyar rashin lafiya ce, kwana shida. A ƙasa ta ƙara da cewa ya bar mini saƙo: a gaya wa Malam Garba bana babu sharaɗi, ya zaɓi dogo, kada ya zaɓi wanda ya iya lissafi.

Ranar zaɓe Ja ce ta ɗaya a layi, wato damar da ya yi shekara biyu yana tsarewa ta faɗo hannuna. Aka jera ɗalibai, aka kira sunana. Na kasa ɗaga hannu. Na ce Ja su zaɓi abinsu, na koma ofis na rufe ƙofa.

Ban ce da ya zauna da bai mutu ba, ajali ba ya duba gari. Abin da ke damuna shi ne ya bar Gwarzo yana ganin iyakar abotarmu ke nan, kuma ni na nuna masa iyakar da bakina.

Me ya rage nasa? Zoben rodin ya yi tsatsa an cire. An ce mini har yanzu a makarantar wanda ya zo na ƙarshe shi ke fara zaɓa, yaran ba su san wanda ya kawo tsarin ba. 'Yarsa Ladi ta yi aure, Allah Ya raya abin da ya bari. Sai takardar nan, wadda nakan buɗe duk shekara a irin wannan lokaci. A layi na uku ya rubuta da hannunsa, "babu sharaɗi." Kalma biyu ce, ya rubuta mini su saboda wasan yara. Ni da ya zo nemansu saboda matarsa da 'yarsa, na kasa faɗa.