Ranar da Na Karɓe Ɗiyata Daga Hannunta

Assalamu alaikum. A shekarun da bidiyo ya fara shigowa Gure, ni matar aure ce mai 'ya'ya uku da cikin na huɗu, ina zuwa karatun manya da la'asar. An san ni da haƙuri da ƙarancin magana, ni ma haka na ɗauki kaina.

Akwai wata maƙwabciyata da ta dawo daga Ikko bayan ta daɗe can. Wurin gwaggonta take zaune, kitso ne sana'arta, Yaya take ce mini. Da na haihu, ita ke hura wutar wankan jego, ta dama mini kunun kanwa, ba wanda ya sa ta. Ana jibi suna ta zo yi mini kitso. Kaina na bisa cinyarta sai na ji ɗigon ruwa a wuyana, ashe kuka take. Ta ce a Ikko wani mutum ya ɗauke su aiki, ita da wasu 'yan mata, ana ɗaukarsu a kaset ɗin batsa irin wanda maza ke kallo a ɓoye. Ta ce ta bari tuntuni, amma ko ta rufe ido fitilar nan take gani, kuma duk kamyon da ya shigo da kaya daga Najeriya sai gabanta ya faɗi, ko kaset ɗin ne ya iso. Ta roƙe ni, don Allah Yaya, in bar maganar a cikina.

Ban bari ba. Na faɗa wa yayar mijina, wai shawara nake nema, kafin ranar suna magana ta zaga unguwa. Gaskiya ƙyama ce ta kama ni. A raina na ce mace irin wannan ta riga ta zubar da kunya, magana ba ta yi mata zafi. Haka muke cewa dukanmu, alhali ba wadda a cikinmu ta taɓa zama da irinta.

Ranar suna gida ya cika da mata. Maƙwabciyar tawa ta sha kunu ta ajiye ludayi, sai wata tsohuwa ta ɗauke shi da yatsa biyu ta ce a wanke da toka. Wata ta yi shewa, ta ce ashe yau da 'yar tele a cikinmu, wai ta tashi ta gwada mana rawar Ikko mana. Aka kwashe da dariya. Maƙwabciyar tana rungume da jaririyata, ta ɗago kai ta dube ni. Ni kuwa na miƙa hannu na karɓe ɗiyata, ban ce uffan ba. Ta fita ko takalmanta ba ta ɗauka ba.

Daga nan ba wadda ta sake zuwa kitso wurinta. Mazan da ke cika gidan bidiyo su suka fi kowa tofar da yawu in ta wuce. Ta daina fita, ta daina cin abinci, tana yini tana wanke hannuwa har fata ta tsage. An kai ta wurin malamai, an kai ta asibitin Damagaram, likita ya ce ciwon damuwa ne. Daga baya dangi suka mayar da ita ƙauyensu, Kelle. Na bi ta can na nemi gafara. Ta ce ta yafe. Sannan ta ce dariyar ba ta karya ta ba, ta ji wadda ta fi ta a Ikko. Hannun da na miƙa ne. Har ta rasu ba ta sake taka Gure ba.

Ba na cewa aikin da ta yi daidai ne, ita ma ba ta ce ba. Amma na gane wadda muke ce wa marar kunya wani lokaci kunyar ce ke cinta a ciki, kuma shiruna da ake yabo ya yi ɓarnar da bakin masu shewa bai yi ba. 'Yan'uwana mata, in wata ta buɗe muku cikinta, ku riƙe mata. In an taru a kanta, ku matsa kusa da ita a lokacin, kada ku jira sai an kai ta ƙauye. Ku taya ni roƙa mata rahama, ni kuma Allah Ya yafe mini.